Birnin Munich da Manhajar Ofis: Tafiyar Shekara 14 da Ta Koma Mafarinta

Tarihin da za mu waiwaya a wannan mako bai tsufa ba, domin da yawanmu an riga an haife mu lokacin da ya faro. Ya kuma shafi abin da muke taɓawa kullum ba tare da mun tsaya mun yi tunani a kansa ba, wato manhajar da ake buga rubutu da ita.

Yawancinmu ta dalilin ƙwallon ƙafa muka san Munich. Shi ne birni na uku mafi girma a Jamus, kuma hedikwatar jihar Bavaria. A shekarar 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar raba ma'aikatanta da Windows da Microsoft Office, ta mayar da su kan manhajar da ba mallakar wani kamfani ba ce. Aikin ya ci shekara 10 kafin ya kammala. Bayan shekara 4 da kammalawa, majalisar ta sake zama ta ce a koma inda aka fito. Abin da muke son ganowa shi ne yadda aikin da aka riga aka gama, kuma yake tafiya, ya zo ya rushe.

Manhaja iri biyu

Kowace manhaja tana da asalin rubutunta, wato jerin umarnin da masu ƙirƙira suka tsara domin kwamfuta ta bi. Kamfanoni irin su Microsoft suna ɓoye wannan rubutu. Abin da suke sayar maka shi ne lasisi, wato izinin amfani. Matsayinka kamar na ɗan haya ne: za ka zauna a gidan, amma ba ka da ikon fasa bango ko ƙara taga, kuma ranar da mai gida ya ce ya daina gyaran rufi, sai ka zaɓi zama cikin yoyo ko biyan kuɗin sabon ɗakin da ya gina.

Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, asalin rubutunta a fili yake. Kowa yana iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Richard Stallman ne ya fara wannan fafutuka a Amurka a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux.

Akwai wani bambanci da ya kamata mu riƙe, domin labarin ya dogara a kansa. Windows da Linux uwar manhaja ce kowacce, ita ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya. Manhajar ofis kuma ita ce wadda ma'aikaci yake wuni a cikinta yana buga wasiƙa ko lissafi, kamar Word da Excel. Kishiyar waɗannan biyu a ɓangaren buɗaɗɗiyar manhaja asalinta ma daga Jamus take. A 1985 wani yaro ɗan shekara 16, Marco Börries, ya kafa kamfanin Star Division, wanda ya samar da StarOffice. Kamfanin Sun na Amurka ya saye shi a 1999, ya buɗe asalin rubutun a 2000, daga nan aka samu OpenOffice, wadda cikakken fitowarta ta farko ta kasance a 2002.

Abin da ya tayar da maganar

A farkon shekarun 2000 kwamfutocin ofisoshin Munich, kimanin 14,000, suna kan Windows NT 4.0. Sai Microsoft ya sanar cewa zai daina kula da wannan tsohuwar manhaja. Ma'anar hakan ita ce duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya, babu mai toshe ta. Birnin da yake riƙe da bayanan haihuwa da aure da haraji da rajistar motoci na mutane sama da miliyan ɗaya ba zai iya zama a haka ba. Dole ya sayi sabon lasisi, kuma sabuwar Windows tana buƙatar sababbin kwamfutoci.

A nan ne wasu kansiloli suka yi tambayar da ba a saba yi ba. Kwamfutocin suna aiki, ma'aikata ba su koka ba, to don me wani kamfani da ke wata nahiya zai zaɓar wa birni ranar da zai kashe kuɗin jama'a? Kuma idan an biya yanzu, bayan 'yan shekaru ba haka za a sake yi ba? Majalisa ta sa aka yi nazarin hanyoyin da ake da su, ciki har da komawa Linux da OpenOffice.

Labarin ya kai kunnen Microsoft. A watan Maris na 2003 shugaban kamfanin, Steve Ballmer, ya katse hutunsa a ƙasar Suwizalan ya zo Munich da kansa ya gana da magajin gari Christian Ude. Aka yi ta rage farashi, har tayin Microsoft ya koma ƙasa da abin da aka ƙiyasta komawa Linux zai ci. Duk da haka, ranar 28 ga Mayu, 2003, majalisar ta zaɓi Linux.

Wannan wuri ne da masu ba da labarin suke yawan yin kuskure, su ce Munich araha ta bi. A ranar ƙuri'ar, arahar tana wajen Microsoft. Ude ya sha ba da labarin wata hira da suka yi da Bill Gates, inda Gates ya tambaye shi dalilin wannan mataki. Ya ce masa 'yanci suke nema. Gates ya ce 'yanci daga wa, Ude ya amsa cewa daga gare shi.

Abin da aka tarar a ofisoshi

Aka sa wa shirin suna LiMux, haɗin Linux da harafin farko na sunan birnin. Tun daga farko ya yi ta cin karo. A watan Agusta na 2004 an dakatar da shi na ɗan lokaci saboda fargabar wata doka da Tarayyar Turai take tattaunawa kan haƙƙin mallakar fasahar manhaja, dokar da majalisar Turai ta yi watsi da ita a 2005. Sai a 2006 aka fara sauya kwamfutocin farko.

Babban jinkirin daga cikin gida ya fito. Da masu aikin suka shiga ofisoshi, sai suka tarar babu wani sashe guda da ke kula da kwamfutocin birnin. Akwai sassa 22, kowanne da nasa ma'aikatan, da irin yadda ya tsara Windows ɗinsa, da manhajojin da ya saya ba tare da sanin maƙwabcinsa ba. Babu wanda yake da cikakken lissafin abin da ke akwai.

Sai kuma batun takardu. Cikin shekaru, ma'aikata sun tara fom-fom, da samfurin wasiƙu, da ƙananan umarnin da ake ɗaurawa a Word da Excel domin su riƙa cike wasu wurare da kansu. An ƙirga wajen 21,000. Da yawa maimaici ne, wasu kuma wanda ya tsara su ya daɗe da yin ritaya, amma aikin yau da kullum na wani ofishi ya rataya a kansu. Mafi yawan waɗannan umarni ba sa aiki a OpenOffice sai an sake rubuta su. Domin maganin wannan, birnin ya ƙirƙiri tasa manhaja mai suna WollMux, wadda ta tattara kan wasiƙa da tambari da fom a wuri ɗaya, ya kuma sake ta kyauta ga duk mai so.

Masu shirin sun yi wata dabara mai kyau. Ba su ɗauke wa ma'aikaci komai a rana ɗaya ba. Sun fara sa masa OpenOffice da Firefox da Thunderbird a kan Windows ɗin da ya saba da ita. Zuwa ƙarshen 2009 an gama mayar da kowa kan OpenOffice. Daga baya aka riƙa sauya uwar manhajar sashe bayan sashe, ta yadda ranar da mutum ya ga Linux, abubuwan da yake aiki da su sun riga sun zama sanannu a wurinsa.

Duk da haka, mu ƙaddara wata sakatariya da ta yi shekara 15 tana buga wasiƙu a Word. Yatsunta sun haddace inda komai yake, ba ta ma duban allo. Ranar da aka sauya mata manhaja, wasiƙar minti 5 ta koma ta minti 20, ga mutane a layi, ga shugabanta yana jira. Maganar 'yancin birni ba ta rage mata wannan layi. Abin da ta sani shi ne jiya ita gwana ce, yau ta koma 'yar koyo, kuma ba a tambaye ta ba kafin a yanke hukunci. Irin wannan ɓacin rai ba ya fitowa a takardar kasafin kuɗi, amma yana taruwa.

Rigimar tsarin adana takarda

A ganinmu, nan ne zuciyar labarin. Kowace takarda da aka buga a kwamfuta ana adana ta ne cikin wani tsari, wanda muke gani a ƙarshen sunan fayil, kamar doc ko docx. Tsohon tsarin doc na Microsoft ne, kuma shekaru da yawa shi kaɗai ya san cikakken sirrinsa. Sauran manhajoji lalube suke yi idan za su buɗe shi.

Munich ta zaɓi tsarin ODF, wanda bayaninsa yake a buɗe, kuma hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006. Microsoft ya fito da nasa sabon tsari, wanda docx yake ciki, shi ma ya samu amincewar hukumar a 2008 bayan taƙaddama mai zafi. Aka wayi gari da ma'auni biyu a kasuwa ɗaya.

A cikin ofisoshin birnin babu matsala, kowa ODF yake amfani da shi. Amma birni ba ya aiki shi kaɗai. Gwamnatin jiha, da ta tarayya, da 'yan kwangila, da lauyoyi, kusan duka da Word suke aiko takardu. Idan aka buɗe irin wannan takarda a OpenOffice, sau da yawa jadawali ya karkace, ko shafi ya zame, ko gyaran da wani ya yi ya rikice. Ma'aikacin da abin ya faɗa wa ba ya tsayawa binciken waye ya ƙi bin ma'auni. Manhajar da ke gabansa yake zagi.

Ana cikin haka ita kanta OpenOffice ta shiga ruɗani. Kamfanin Oracle ya saye Sun a 2010. Yawancin masu aikin sa-kai ba su yarda da sabon mai gidan ba, sai suka ɓalle a watan Satumba na shekarar suka kafa gidauniyar The Document Foundation, suka ci gaba da aikin da sunan LibreOffice. Munich ta daɗe kan tsohuwar OpenOffice kafin ta koma LibreOffice, kuma a tsakanin nan ma'aikata sun yi ta fama da matsalolin da tuni aka gyara a sabon fitowa.

An kai gaci

Duk da waɗannan, aikin ya tafi. A ƙarshen 2011 kwamfutoci 9,000 suna kan LiMux. A watan Nuwamba na 2012 birnin ya fitar da lissafi cewa ya yi rarar sama da Yuro miliyan 10, daga kuɗin lasisin da bai biya ba da kuma tsofaffin kwamfutocin da bai jefar ba. Microsoft ya sa kamfanin HP ya yi wani nazari da ya ce akasin haka, birnin kuma ya musanta. A watan Disamba na 2013 aka sanar da kammala shirin, da kwamfutoci kimanin 14,800 a kan LiMux.

Sai dai ba a taɓa rabuwa da Windows gaba ɗaya ba. Akwai manhajoji na musamman da wasu ofisoshi suke buƙata, waɗanda masu ƙera su ba su yi su don Linux ba. Saboda haka birnin ya ci gaba da ɗaukar nauyin tsari biyu, kuma wannan ya zama makami a hannun masu adawa.

Kiɗa ya sauya

Christian Ude ya riƙe birnin daga 1993 zuwa 2014, kuma duk tsawon shirin shi ne garkuwarsa. Wanda ya gaje shi, Dieter Reiter, ɗan jam'iyyarsu ne ta SPD, amma bai ɓoye cewa Microsoft ya fi kwanta masa ba. Ya kafa gwamnati da jam'iyyar CSU, wadda dama ba ta goyi bayan shirin ba tun farko. Ba a daɗe ba shi da mataimakinsa Josef Schmid suka fara kokawa a bainar jama'a, musamman kan imel da wayar aiki. Masu kare LiMux suka ce waɗannan ba su da alaƙa da manhajar da ke kan teburin ma'aikaci, amma an riga an rataya mata jakar tsaba. Firinta ta ƙi aiki, LiMux ce. Intanet ya yi nauyi, LiMux ce.

A 2016 Microsoft ya mayar da hedikwatarsa ta Jamus daga wani gari da ke gefe zuwa cikin birnin Munich. Mutane da yawa sun haɗa wannan da abin da ya biyo baya, Reiter kuma ya musanta cewa akwai wata alaƙa. A shekarar ce kuma kamfanin Accenture, wanda yake da hulɗar kasuwanci da Microsoft, ya miƙa rahoton da birnin ya sa shi ya yi. Abin lura shi ne rahoton ya ɗora kaso mai yawa na matsalar a kan yadda aka rarraba ikon kula da kwamfutoci tsakanin sassa, wato ciwon da aka tarar tun farko ba a gama warkar da shi ba. Shugaban sashen kwamfuta na birnin ma ya fito ya ce bai ga wani dalili na fasaha da zai tilasta komawa ba.

Hakan bai hana ba. A watan Fabrairu na 2017 majalisa ta ba da umarnin a tsara komawa, sannan a watan Nuwamba ta amince a mayar da kowa kan Windows 10 zuwa 2020, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai kimanin Yuro miliyan 49.

Wasu da suka bi hanyar

Domin mu auna Munich da adalci, ya kamata mu dubi wasu biyu. Birnin Freiburg, shi ma a Jamus, ya koma OpenOffice a 2007, amma ya bar tsohuwar Microsoft Office 2000 tana aiki a gefe. Ma'aikata suka riƙa tsalle tsakanin biyun, takardu suna lalacewa a hanya, ita OpenOffice ɗin ma ba a sabunta ta. A watan Nuwamba na 2012 majalisarsu ta koma Microsoft da ƙaramin rinjaye.

Rundunar jandarmomin Faransa kuwa ta fara da OpenOffice a 2005, ta ƙara Firefox da Thunderbird a 2006, sannan a 2008 ta fara sauya Windows da Ubuntu, wani nau'i na Linux. Dubun-dubatar kwamfutoci ta sauya, kuma ba ta koma ba. Manhajar kusan iri ɗaya ce da ta Munich. Abin da ya bambanta shi ne rundunar tana da sashe guda mai kula da kwamfutoci, umarni daga wuri ɗaya yake fitowa, kuma zaɓen kansiloli ba ya sauya mata alƙibla.

Idan muka jera ukun, za mu ga ingancin manhaja bai isa ya bayyana sakamakon ba. Abubuwan da suka yanke hukunci su ne ko ma'aikaci ya samu horo da mai taimaka masa a ranar da ya maƙale, ko waɗanda ake musayar takardu da su sun yarda da ma'auni ɗaya, da kuma ko shirin yana da masu kare shi bayan tafiyar wanda ya kawo shi. Munich ta yi ƙoƙari a na farko, na biyu ya fi ƙarfinta ita kaɗai, na uku kuma shi ya kayar da ita. Shekara 11 shirin yana jingine da mutum ɗaya, kuma da ya sauka ba a ga ma'aikata sun fito da yawa suna cewa a bar musu abinsu ba.

Labarin bai rufe a nan ba. Bayan zaɓen 2020, sabuwar gwamnatin haɗaka ta jam'iyyar masu rajin kare muhalli da SPD ta rubuta a yarjejeniyarta cewa birnin zai fifita buɗaɗɗiyar manhaja duk inda zai yiwu, bisa ƙa'idar cewa abin da aka ƙera da kuɗin jama'a na jama'a ne. A watan Afrilu na 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux. Tambayar da kansilolin Munich suka yi tana nan da ranta.

Inda abin ya taɓa mu

Mu marubutan Hausa mun ɗanɗana irin wannan a namu ma'aunin. Kafin haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, su samu a kowace waya da kwamfuta, da wasu nau'o'in haruffa na musamman ake buga su. Sun yi amfani ƙwarai a zamaninsu. Amma duk wanda ya buɗe irin wannan tsohon fayil a kwamfutar da babu nau'in harafin, ya san abin da ake gani: alamomi barkatai a gurbin kowace ƙugiya, sai an bi littafi kalma bayan kalma ana gyarawa. Rubutun na marubucin ne, amma mabuɗin karanta shi yana wani wuri.

Ba muna cewa kowa ya goge Word daga kwamfutarsa ba ne. Wanda ta yi masa daidai, kuma madaba'arsa ita take karɓa, ya ci gaba. Shawararmu ita ce duk littafin da muka gama, mu adana shi a tsari fiye da ɗaya: wanda muka buga shi, da ODF, da PDF, da kuma zallar rubutu marar ado, wanda kowace na'ura take iya buɗewa. Mu tabbata ƙugiyoyinmu na tsarin Unicode ne, ta hanyar tura shafi ɗaya zuwa wata waya mu ga ko sun fito daidai. Idan kuma ƙungiya ko madaba'a za ta sauya manhajar da mambobinta suke aiki da ita, ta fara zama da masu buga rubutun ta ji abin da suke yi kullum, ta ware wanda za a kira idan an maƙale, ta kuma yarda cewa makonnin farko aiki zai yi nauyi.

Birnin da yake da miliyoyin Yuro da ƙwararru ya kwashe shekara 10 yana kwance takardunsa daga tsarin da aka ɗaure su. Mu da fayilolinmu ba su wuce cikin waya ko filashi ɗaya ba, aikin yamma guda ne.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.